Tasalla da Auta a Cikin Farin Bango

A bayan kasuwar Tudun Kanya akwai wani tsohon gidan silima da aka daina shiga tun da daɗewa. Dama can ba shi da rufi. Bencinan an kwashe an yi girki da su, ɗakin na'ura ya rufta, ba abin da ya rage sai katanga da farin bangon nan da ake haska fim a jikinsa, yana tsaye shi kaɗai cikin tumfafiya. Damina ta sha dukansa bai yi baƙi ba. Ƙadangare ba ya hawansa. Masu wucewa da tsakar rana sukan ce suna jin kamar ana magana a cikinsa, can ƙasa-ƙasa, da wani yare.

Ta cikin bangon nan Tasalla ta fita daga duniya da ƙafafunta, tana jan kura.

Tasalla 'yar Barmo ce, gardin da ya fi kowa iya wasa da kura a ƙasar. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ita kaɗai ce. Wata shekara ya dawo daga daji da jaririyar kura a buhu, ya juye ta gaban Tasalla ya ce, "Ga ƙanwarki nan, sunanta Auta." Tasalla ta shayar da ita nonon akuya da tsumma, ta kwana da ita tabarma ɗaya har ta fi ƙarfin tabarmar. Ita ke yanka mata nama, ita ke cire mata kaska. Ranar da aka fara sa mata takunkumi ma ita ta sa mata, tana kuka kurar na kuka.

Abin ya ja mata. Mata suka daina cin abinci kwano ɗaya da ita, wai tana warin kura. A bakin rijiya sukan janye gugansu in ta iso. Saurayin da ya zo zance, da ya ji dariyar Auta daga bayan ɗaki sai ya tuna an aike shi. Gardawa kuwa, in za a fita wasa, a bakin zaure ake barin ta, domin mace ba ta riƙe sarƙa a fili, ba ta ɗaura akayau, wato ƙarafunan nan masu kacau-kacau da gardi ke ɗaurawa a ƙafa. Har ta zama cikakkiyar mace babu taron da in ta zauna ake matsa mata wuri.

Abin da ya ɗaukaka Barmo shi ne wasan mutuwa, kuma a tsakar gida suka koya wa Auta shi, shi da 'yarsa. Tasalla ke kokawa da kurar, ta ɗaga kulki ta taɓa ƙeyarta ta ce, "Kwanta, an kashe ki." Sai Auta ta zube, harshe waje, ko numfashinta ba a gani. A ja wutsiyarta, a kawo nama bakin hancinta, ba za ta motsa ba. Da yake a fili 'yan kallo sukan yi ta kiran sunanta don su ɓata wasan, Tasalla da kanta ta hore ta in ta kwanta kada ta amsa muryar kowa, har tata. Abu ɗaya ke tashinta, shi ne Barmo ya buga ƙafa akayau ɗinsa su yi ƙara. Kowane akayau da muryarsa, Auta kuwa ta Barmo kaɗai ta sani.

Wata shekara da kaka Barmo ya rasu. Al'adar gardawan wurin ita ce, wanda ya mutu bai bar ɗa namiji ba, ana yanka kurarsa bayan an gama sadaka, a raba fata da ƙashi ga masu magani. Ƙanen Barmo, Makau, shi ne Sarkin Gardawa. Ya zo da yamma ya zauna kan turmi, ya daɗe yana kallon Auta tana gwaguyar ƙashi.

Ya ce, "Tasalla, kin san abin da ya kawo ni."

Ta ce, "Na sani, Baffa. Amma Auta tana da mai riƙe ta."

"Wa ke nan?"

"Wadda ta riƙe ta tun tana tsotson tsumma."

Makau ya dubi ƙasa. "Ni ban ce ba ki iya ba. Kin fi 'ya'yana iyawa, su ma sun sani, shi ya sa ba sa gaishe ki. Amma in na bar mace ta riƙe sarƙa yau, gobe ba ni da bakin hana kowa komai. Miƙo mini akayau ɗin yayana."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko ta miƙa masa da hannu biyu. Ya miƙe, ya tsaya a bakin zaure bai juyo ba, ya ce, "Gobe da hantsi za mu zo. Ki ba ta abin da ta fi so ta ci."

Washegari kafin hantsi Tasalla ta ɗauki kulkin ubanta, ta naɗe sarƙa a hannu, ta fita ta bayan gida. Ranar kasuwa ce, duk hanyar da ta bi sai ta tarar da mutane, su watse suna nuna ta. Labari ya kai wa gardawa, suka biyo ta. Rana na take tsaka ta faɗa tsohon gidan silima ta inda katanga ta zube, ta tsaya tana haki gaban farin bango. Ta san wurin. Tana yarinya ubanta ya taɓa ɗora ta a wuya ta leƙa ta saman katanga, ta ga wani jirgin ƙarfe yana yawo cikin taurari, namiji na harbi da bindigar haske, mace na ihu.

Ba na'ura, ba fitila, sai bangon ya kama kamar ana haska fim. Ta ga jan yashi ya miƙe har ƙarshen gani, rana biyu a sama, wata iska mai warin ƙarfen da ya sha wuta ta bugo mata fuska. Ta ji muryar 'ya'yan Makau a bayan katanga. Auta ta ja sarƙa, Tasalla ta bi ta, bango ya haɗiye su.

Suka yi ta tafiya cikin jan yashi, inuwarsu biyu-biyu. Hadari ya taso ya zubar musu da ɓawon gyaɗa da tukar rake har ya kai musu gwiwa, abin da 'yan kallo suka yi ta jifan bango da shi shekara da shekaru. Suka kutsa suka fita, sai ga wani kogi ya tare hanya. Ba ruwa a cikinsa, muryoyi ne ke gudu, tafi da fito da dariya da zagi, duk abin da aka taɓa faɗa a gidan silimar ya taru yana ambaliya. Da Tasalla ta sa ƙafa, muryoyin suka kama ta kamar hannuwa suna cewa, "Kashe dodon! Kashe shi!" Suka ja ta ƙasa har ta fara jin bakinta na son faɗin abin da suke faɗa. Auta ba ta jin maganar taro. Ta kafa kai ta yi iyo, Tasalla ta riƙe gashin wuyanta, kurar ta fitar da ita ɗaya gaɓar.

Can gaba ƙasa ta tsinke. Yashi ya ƙare kamar an yanke shi da almakashi, sai wani baƙi wanda ba rami ba ne, ba duhu ba ne, babu ce kawai. A bakinsa wata tsohuwa ke zaune da kaskon ƙaro, tana jawo gefen ƙasa tana liƙa shi da ɗaya gefen. Idonta ɗaya ne, yana juyawa a hankali kamar faifai.

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Sannu da aiki, Iya."

Tsohuwa ta ce, "Sannu, 'yar Adam. Ni ce Mai Liƙi. Ke ce ta fari da ta gaishe ni tun da aka kafa bangon nan. Me ya kawo ki ƙasar da ba a jin yunwa, ba a tsufa?"

"Ƙanwata za a yanka. Ina nema mana wurin zama."

Mai Liƙi ta dubi kura, ta dubi sarƙa, ta girgiza kai. "Mu aljanun bango ne. Da can muna kallon fim daga ciki, ku kuna kallo daga waje. Da na'ura ta mutu, sai muka ɗauki wasan ƙarshe da aka haska muka ci gaba da yin sa. Ba mu iya gama shi ba, domin dodonmu na hayaƙi ne, in an kashe shi sai ya sake haɗuwa. Nan ma kowa da wurin tsayuwarsa, 'yar nan, har ya fi na garinku tsanani. Kuma ki riƙe wannan, bango sau ɗaya yake karɓar mutum. Kina iya fita duk ranar da rana ta take tsaka, amma in kin fita ba dawowa."

"To Iya, ina hanyar birninku?"

"Rufe idonki ki ɗaga ƙafa."

Tasalla ta rufe ido, ta rungume wuyan Auta, ta ɗaga ƙafa a bakin baƙin nan, ta sauke ta a ƙofar birni. Tafiyar da ke tsakani an yanke ta, kamar yadda ake yi a fim.

Ganuwar birnin ta dalma ce, ƙofofi biyu ne a jikinta, tsakaninsu wani mutumin ƙarfe yana tsaye, fitilu biyu a madadin ido. Ya yi magana kamar ana jan guga a kan ƙarfe.

"Ya ke mai zuwa, ta dama ta maza ce, ta hagu ta mata. Wace ce taki?"

"Ta hagu, ranka ya daɗe."

"Ɗora hannunki."

Ta ɗora tafinta a jikin ƙofar hagu. Ƙofar ta shinshina hannun ta ce, "Wannan hannun ya yi kanta da sarƙa, ya san wuƙar fawa. Ban san shi ba." Ta koma ta dama ta ɗora. Ƙofar dama ta ce, "Wannan hannun ya shayar da jariri da tsumma. Ban san shi ba."

Mutumin ƙarfe ya juya kan Auta. "Wannan fa, namiji ne ko mace?"

Tasalla ta ce, "Mace ce. Amma a daji irinta ke gaba, mazan na bin baya."

Fitilun mutumin ƙarfe suka yi ta kamawa suna mutuwa. Ya sunkuya ya duba kurar, ya miƙe, ya sake sunkuyawa, har hayaƙi ya fara fita ta kunnuwansa, ya sandare a tsaye. Auta ta bi gindin ganuwa da hanci ta gano rariyar da ƙazantar birni ke fita. Ta nan suka shiga, da rarrafe.

A tsakiyar birni jirgin nan yake, wanda ta gani tana yarinya, ya fi dutsen garinsu girma. Aljanu masu tufafin azurfa suka kewaye su, suka kai su cikin jirgi gaban sarkinsu. Sunansa Mai Fitila. Jikinsa na mutum ne, amma a wurin fuska fitila ce mai zafi, ƙura na yawo cikin haskenta.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, wadda ta shigo mana ta inda ruwan wanki ke fita, me kike nema?"

"Ranka ya daɗe, wurin da za mu zauna ni da ƙanwata, ba mai korar mu."

"A ƙasarmu ba a zama sai a cikin wasa, wurare uku kuwa suka rage. Akwai wurin budurwar da ake ceto, akwai wurin jarumi, akwai wurin dodo. Ke mace ce, za mu fara gwada ki a naki."

Aka sa mata doguwar riga mai walƙiya, aka ɗaure ta jikin ginshiƙi. Mai Fitila ya ce aikinta ɗaya ne, in dodo ya taso ta yi ihu. Aka sako dodon hayaƙi, mai kai uku, yana jan ƙafa yana gurnani. Tasalla ta zuba masa ido har ya iso gabanta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ƙafarsa ta baya ke ciwo. Ku daina sa shi gudu a kan ƙarfe."

Aka sake sako shi, ta buɗe baki da niyyar ihu don ta sami wurin, amma abin da ya fito shi ne tsawar da take yi wa Auta in ta yi rashin ji. Dodo ya kwanta ya ɗora kawunansa a ƙasa.

Mai Fitila ya ce, "Ku kwance ta. Wannan ba ta cetuwa. Ku kawo kayan jarumi."

Aka sa mata sulke, aka kafa mata hular ƙarfe, kayan suka zauna mata kamar an gwada. Aljanu suka zube suna gaisuwa. Aka kawo akushi ɗaya na wani abinci mai kama da hazo, manyan fada maza da mata suka sa hannu tare da ita, ba wanda ya janye, ba wanda ya toshe hanci. Wata aljana ta matsa mata wuri ta ce, "Zauna nan kusa da ni." Tasalla ta sunkuyar da kai don kada a ga idonta. Tun rasuwar uwarta ba ta ci da kowa ba sai ubanta.

Da aka ɗauke akushi Mai Fitila ya ce, "Wurin ya karɓe ki. In an gama wasa jirgi zai tashi zuwa taurari, kujerar gaba taki ce har abada. Saura dodo mai jini a jika, wanda in ya mutu ya mutu, ga shi kuwa kin kawo mana shi da sarƙa."

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, saboda wuƙa na gudo da ita."

"Jarumi ba ya zama jarumi sai ya kashe dodo. Haka muka gani, haka muke yi. In kin ƙi, ku biyun ba ku da wuri, wanda ba shi da wuri kuwa wurin Mai Liƙi ake tura shi, inda ƙasa ta tsinke."

Ta dubi Auta. Kurar na kwance ta ɗora haɓa kan takalmin ƙarfen da aka sa wa Tasalla, tana lumshe ido. Sai wasan tsakar gidansu ya faɗo mata a rai.

Ta ce, "Na yarda, bisa sharaɗi biyu. Ba zan taɓa bindigar haskenku ba, da kulkin ubana zan kashe ta. Kuma gawar tawa ce."

"An ba ki."

Jirgi ya ɗaga da su ya sauka a jan yashi, daidai bayan farin bango, domin nan ne filin wasa. Daga ciki bangon kamar wata babbar taga yake, ana hango tumfafiya da katangar da ta zube. Aljanu suka yi sahu. Tasalla ta durƙusa ta kwance takunkumi, ta shafa kunnen Auta, ta ja da baya ta buga kulki a ƙasa.

Auta ta taso da dariyar nan tata mai sa hanji ya kaɗa. Ta yi tsalle ta kayar da Tasalla, suka yi ta birgima cikin yashi, haƙora na kartar sulke har wuta na tashi. Duk inda bakin kurar ya kai wuyanta sai ya tsaya, kamar yadda suka saba tun suna yara. Daga nesa kogin muryoyi ya cika ya batse yana kiran a kashe dodo. Ran nan Tasalla ta yi wasa a fili, gaban taro, ta yi shi yadda ko Barmo bai taɓa yi ba. Sannan ta miƙe, ta ɗaga kulki sama, ta sauke shi a hankali kan ƙeyar Auta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kwanta, an kashe ki."

Auta ta zube, harshe waje.

Mai Fitila ya sauko da kansa. Ya ja wutsiyarta. Ya sa aka kawo hanta mai ɗumi aka ajiye bakin hancinta. Ya haska fuskarsa cikin idonta. Daga nan ya ari muryar Tasalla ya kira ta, ya ari muryar Barmo daga kabari ya ce, "Auta, taso ki ci." Kurar ko kunne ba ta kaɗa ba.

Mai Fitila ya miƙe ya ce, "Dodo ya mutu. Wasa ya ƙare." Aljanu suka rungumi juna suna kuka, suka yi ta shiga jirgi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ya jarumi, kujerarki na jira."

Aljanar da ta matsa mata wuri ta miƙo hannu daga ciki. Tasalla ta dubi hannun. Ta cire hular ƙarfe ta ajiye a yashi, ta ce, "Ku sauka lafiya. Ina da gawa."

Jirgi ya tashi ba ƙara, ya ƙanƙance, ya shige tsakanin ranakun nan biyu. Tasalla ta jira har ya ɓace, sannan ta yi dariya, ta tuɓe sulke ta durƙusa.

"Tashi, Auta, sun tafi. Mun ci su."

Auta ba ta motsa ba.

"Ke, wasa ya ƙare. Tashi mana."

Ta miƙe ta buga ƙafa a ƙasa yadda ubanta ke yi. Yashi ya karɓi ƙafar shiru. A nan ta tuna. Duk shekarun nan a tsakar gida ita ke kwantarwa, Barmo ke tayarwa, bai taɓa zama aikinta ba balle ta yi tunaninsa. Akayau kuwa ita ta miƙa wa Baffa Makau da hannu biyu.

Ta kaɗa sarƙa. Ta buga kulki a kan sulke, ta haɗa takalman ƙarfe ta gwara, ta gwada kowane ƙarfe da aljanu suka bari. Ba muryar ba ce. Ta yi lallashi, ta yi tsawa, ta kira ta da sunayen da ba wanda ya sani sai su biyu. Auta ta riƙe horon da Tasalla ta yi mata. Tasalla ta kama ƙafafun kurar za ta ja ta zuwa bango, ta ji kamar tana jan dutse. Mai Liƙi, wadda ba ta bi jirgi ba, ta zo wucewa da kaskonta ta ce, "Abin da aka ce ya mutu a ƙasar nan, ƙasa na riƙe shi sai in ya tashi da kansa. Sauti yana shigowa daga waje, 'yar nan, amma naki ba ya fita."

Tun daga ranar, duk sanda rana ta take tsaka, Tasalla takan tsaya gaban tagar tana buga ƙafa tana nuna idon sawunta. Wata mai tsinko ganyen tumfafiya ta fara ganin inuwar a jikin bango, mace tsaye da kura kwance, ta kai labari kasuwa. Mutane suka yi ta zuwa kallo, wasu na cewa rawa take yi. Da labari ya kai wa Makau aka kwatanta masa, sai ya ajiye abincin da yake ci. Shi kaɗai ya gane.

Ya zo da tsakar rana da akayau ɗin Barmo a hannu. Bai zo shi kaɗai ba, domin Sarkin Gardawa ba ya fita sha'anin kura sai da jama'arsa. 'Ya'yansa na biye, babban ya riƙe wuƙa, ƙaramin ya riƙe buhu. Da Tasalla ta hango akayau ta ruga har ta kusa faɗowa waje, tana buga ƙafa tana nuna su.

Makau ya matsa dab da bango, ya rage murya yadda na baya ba za su ji ba.

"Tasalla, na san kina ji na. Ga su na kawo. In na kaɗa za ta tashi, kuma kin san ta, wurin ƙarar za ta nufo, ba ki iya riƙe ta. In ta fito, kin ga abin da ke hannun yaran nan, ni kuma ba ni da bakin hana su. Ke kuwa ɗakinki na nan, na sa an gyara rufin. Faɗa mini yadda kike so."

Inuwar ta daina buga ƙafa. Ta dubi wuƙa, ta dubi buhu. Sannan ta koma ta zauna a yashi, ta cusa cinyarta ƙarƙashin kan Auta, ta naɗe sarƙa a hannunta yadda gardi ke naɗewa a fili. Ta ɗago ta girgiza wa baffanta kai.

Makau ya tsaya har inuwarsa ta fara fitowa daga ƙarƙashin ƙafarsa. Ya juya ya ce wa jama'arsa, "Kurar Barmo ta mutu, ga gawarta kuna gani. Ku mai da wuƙa kube."

Babban ɗansa ya ce, "Baba, to ita mai sarƙar fa?"

"A cikin bango take. Sarautata ba ta kai can ba."

Ya warware rawaninsa gaban mutane, ya naɗe akayau a ciki zobe bayan zobe har suka yi shiru. Ya rungume su a ƙirji ya nufi gida, yana taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. An ce a tukunya ya sa su ya cika ta da auduga, kuma bai faɗa wa kowa inda ya binne ta ba har ya rasu.

Bangon yana nan bayan kasuwa. Wanda ya je da tsakar rana zai ga mace zaune da kura a cinyarta. Hanyar fita a buɗe take gabanta kullum, taku kaɗan ne, ba ta taɓa tashi ba. Tafinta na kan haƙarƙarin Auta, inda take jin zuciya na bugawa a hankali. In mai keke ya wuce ta bayan katanga ya kaɗa ƙararrawa, bugun yakan ƙaru a ƙarƙashin hannunta, ya saurara, sannan ya koma yadda yake.